Yadda ake tara finafinan waƙa da barkwanci na Sifaniyanci na tsakiyar ƙarni na 20

Tsakanin 1936 da farkon shekarun 1960, kamfanonin shirya fim na birnin Meziko da Madrid da Buenos Aires sun fitar da ɗaruruwan finafinai waɗanda aka gina su a kan waƙa da dariya. Labarin yakan zama mai sauƙi, kamar samari biyu da ke neman budurwa ɗaya, ko talaka da aka ɗauka attajiri ne, ko yarinyar ƙauye da muryarta ta kai ta babban birni, amma da zarar jarumi ya buɗe baki ya fara rera waƙa sai fim ɗin ya koma wani abu dabam. Wanda ya taso da finafinan Indiya ko na Kano ba zai ga baƙon abu a wannan tsari ba, domin ya riga ya san cewa waƙa a cikin fim tana iya ɗaukar nauyin da magana ba za ta ɗauka ba. Abin da ya sa masu tara kayan tarihi suke bin waɗannan finafinai shi ne kowane ɗaya daga cikinsu ya bar kaya iri-iri a bayansa: fasta mai zanen hannu, da katunan da ake kafawa a ƙofar silima, da faifan garmaho, da ɗan littafin baitocin waƙa, sannan da fim ɗin kansa. Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce mutum ya san fim kafin ya sayi kayansa, kuma ya riƙe hanya ɗaya ya bi ta da haƙuri, domin fagen yana da faɗin da zai cinye kuɗin mai garaje ba tare da ya tara abin a zo a gani ba.

Sanin fagen yana farawa ne daga Meziko. Fim ɗin Allá en el Rancho Grande na 1936, wanda Fernando de Fuentes ya ba da umarni kuma Tito Guízar ya ja ragamarsa, shi ne ya buɗe ƙofar wasan barkwanci na gandun noma da kiwo, inda mahayin doki mai faffaɗar malafa yake neman aure da waƙa. Fim ɗin ya samu karɓuwa a duk ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, har aikin ɗaukar hoto na Gabriel Figueroa ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Venice a 1938. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa Meziko ƙarfi, domin Amurka ta riƙa ba ta zaren ɗaukar fim da kayan aiki, ta kuma taƙaita abin da take sayar wa Ajantina saboda ta ƙi ɗaukar ɓangare a yaƙin. A wannan yanayi ne Jorge Negrete ya yi suna da ¡Ay, Jalisco, no te rajes! a 1941, aka buɗe sansanin shirya fim na Churubusco a 1945, sannan Pedro Infante ya zo da Los tres García a 1947 da A toda máquina a 1951, waɗannan biyun na Infante a ƙarƙashin darakta Ismael Rodríguez. Wanda yake son ya ga wannan salo a ƙololuwarsa sai ya nemi Dos tipos de cuidado na 1953, inda Negrete da Infante suka haɗu a matsayin manyan jarumai, suna yi wa juna zambo da habaici cikin baitoci a gaban taron biki. Negrete ya rasu a watan Disamba na 1953, Infante kuma ya rasu a haɗarin jirgin sama a garin Mérida na Meziko ranar 15 ga Afrilu, 1957, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa duk wata takarda ta asali da ke ɗauke da fuskokinsu biyu take da tsada.

Akwai wani reshe na Meziko wanda ya bar ƙauye ya shiga lungunan birni da gidajen rawa, kuma a ganina shi ya fi daɗin tarawa. Jigonsa shi ne Germán Valdés, wanda aka fi sani da Tin Tan, mutumin da ya tashi a Ciudad Juárez da ke kan iyakar Amurka, ya zo da doguwar kwat da faffaɗan wando da magana mai gauraye da Turanci. Finafinansa da darakta Gilberto Martínez Solares, musamman Calabacitas tiernas na 1949 da El rey del barrio na 1950, suna da sauri da rawa da kiɗan Kyuba, kuma har yau ba su tsufa ba. A gefensa akwai 'yan rawar rumba irin su Amalia Aguilar da Ninón Sevilla da María Antonieta Pons, da makaɗi Pérez Prado wanda ya bayyana da ƙungiyarsa a Al son del mambo na 1950. Kunnen mutumin Afirka ta Yamma ba zai yi baƙunta a nan ba, tunda faya-fayan kiɗan Kyuba sun daɗe suna yawo a biranen yankin tun shekarun 1930.

Sifen tana da nata tafarki. Morena Clara na Florián Rey, da Imperio Argentina a matsayin jaruma, ya fito a 1936 'yan watanni kafin ɓarkewar yaƙin basasa, kuma Luis Lucia ya sake yin sa a 1954 da Lola Flores. A zamanin mulkin Janar Franco kamfanonin CIFESA da Suevia Films na Cesáreo González sun cika silimomi da mawaƙan Andalus kamar Lola Flores da Carmen Sevilla da Paquita Rico, daga baya kuma aka shiga yayin yara masu murya, wato Joselito, da Marisol wadda ta fara da Un rayo de luz a 1960 ta yi Tómbola a 1962, da Rocío Dúrcal. Ajantina kuwa ta fara tun 1933 da kamfanonin Argentina Sono Film da Lumiton, tana da tango da barkwancin Niní Marshall da Luis Sandrini, sannan da Lolita Torres, wadda fim ɗinta La edad del amor na 1954 ya yi farin jini ƙwarai a Tarayyar Sobiyet. Ƙasashen uku ba su zauna a ware ba. Negrete ya je Sifen ya yi Jalisco canta en Sevilla da Carmen Sevilla, Sara Montiel ta yi finafinai da Infante a Meziko kafin ta koma gida ta yi El último cuplé a 1957, Libertad Lamarque kuma ta bar Ajantina ta zauna a Meziko. Wannan zirga-zirga ita kanta hanya ce mai kyau ga mai tarawa, domin fim ɗaya yana iya samun fasta uku mabambanta daga ƙasashe uku.

Bayan an san fagen sai a zauna a yi kallo, kuma a yi shi da yawa kafin a kashe ko kwabo a kan takarda. Dandalin FlixOlé na Sifen ya tara finafinan ƙasar masu yawa da aka gyara hotonsu, ma'ajiyar finafinai ta jami'ar UNAM a Meziko tana sakin wasu a intanet, kuma manyan bukukuwa sun fara waiwayar wannan zamani, kamar yadda bikin Locarno ya keɓe wa finafinan Meziko na jama'a wani sashe a 2023. Wanda bai ji Sifaniyanci ba ya kamata ya fara da finafinan Infante ko na Marisol, domin labarinsu a bayyane yake ko da babu fassara a ƙasan hoto. Barkwancin Cantinflas, shahararren ɗan wasan ban dariya na Meziko, kusan duka a cikin murɗa magana yake, shi ya sa yakan yi wa sabon shiga nauyi, kuma finafinansa ba na waƙa ba ne kai tsaye, duk da cewa masu sayarwa sukan cusa su cikin rukunin saboda sunansa yana jawo kasuwa. Daga wannan kallo ne mutum zai gane abin da zuciyarsa ta kwanta da shi, ko jarumi ɗaya, ko darakta ɗaya, ko mai zanen fasta ɗaya, ko kuma marubucin kiɗa irin Manuel Esperón wanda ya yi wa Negrete da Infante aiki. Tarin abubuwa ashirin da ke da alaƙa da juna ya fi ɗari da aka tsinto ko ta ina, a wajen daraja da kuma wajen jin daɗin mai shi.

Sayen fim ɗin kansa a faifai yana da tarkon da bai kamata a raina ba, kuma a finafinan waƙa tarkon ya fi shafar kunne. Ana ɗaukar fim ne a kan hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, amma faifan DVD na Turai, wanda ke bin tsarin PAL, yana gudu a kan hoto 25, wato ya ƙara sauri da kashi 4 cikin ɗari. Fim mai minti 100 sai ya koma minti 96, kuma idan kamfanin bai gyara sautin ba, muryar mawaƙi takan ɗan haura sama ta yi siriri. A fim ɗin yaƙi wannan ba komai ba ne, amma wanda ya saba da kaurin muryar Negrete a faifan garmaho zai ji bambancin nan take. Saboda haka, idan fim ɗin na Meziko ne, faifan Meziko ko na Amurka mai tsarin NTSC ya fi kiyaye saurin asali, idan kuma na Sifen ne sai a nemi Blu-ray in akwai shi, tunda shi yakan riƙe hoto 24. Sai maganar yanki, wato yadda akan kulle faifai ya yi aiki a na'urorin wani ɓangaren duniya kawai. A tsarin DVD Sifen tana yanki na 2, Meziko da Ajantina na 4, Amurka na 1, Najeriya da Nijar kuma na 5, don haka na'urar da ke karanta kowane yanki ita ce mafita. A tsarin Blu-ray kuwa Turai da Afirka suna tare a yankin B, nahiyar Amurka tana A, wanda ke nufin faifan Sifen zai yi aiki a na'urar da aka saya a Najeriya ko Nijar ba tare da wata dabara ba.

Dole kuma a duba siffar hoton. Finafinan da aka yi kafin 1953 kusan duka suna da hoto mai kusan murabba'i, a ma'aunin 1.37 zuwa 1, don haka idan aka ga an cika faffaɗan allo da su, to an yanke kan jarumai da ƙafafun 'yan rawa ne, ko an ja hoton ya yi faɗi. A fim ɗin da rawa ce rabin armashinsa, yanke ƙafa ɓarna ce babba. Haka nan akwai kwafin da aka shafa wa launi da kwamfuta, musamman na Infante, alhali an ɗauke su ne a fari da baƙi, kuma mai tarawa na gaske zai nemi na asali ko da zai ajiye mai launin don sha'awa. A kasuwar Sifen ana samun faya-fayan da aka kwafa da na'urar kwamfuta aka saka cikin kwali mai kyau ba tare da izinin masu haƙƙin mallaka ba. Ana gane su da launin bayan faifan, wanda yakan yi duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi saɓanin azurfar faifan masana'anta, kuma ba sa daɗewa. Kafin a biya kuɗi a tambayi mai sayarwa sunan kamfanin da ya buga, da tsawon mintuna, da ko akwai fassara a rubuce, domin da yawa daga faya-fayan Meziko ba su da ita.

Takarda ita ce zuciyar wannan sana'a, kuma a nan ne ya kamata mutum ya daɗe yana koyo. Fastar Meziko ta wancan zamani tana da girman kusan santimita 70 a faɗi da 95 a tsawo, an buga ta a kan takarda mara kauri mai arha, aka ninke ta aka aika silimomi da niyyar a liƙa ta a bango na mako guda a yage. Wannan ne ya sa waɗanda suka tsira suke da ƙima. Sunan da ya fi fice a fastocin barkwanci shi ne Ernesto García Cabral, mutumin jihar Veracruz, wanda ya zana Tin Tan da Cantinflas da dogayen ƙafafu da manyan idanu da launuka masu haske, har zanen nasa yakan sa mutum dariya tun bai ga fim ɗin ba. Akwai kuma Josep Renau, ɗan Valencia da ya yi gudun hijira zuwa Meziko a 1939 bayan faɗuwar jamhuriyar Sifen, da ƙanensa Juanino, waɗanda salonsu ya fi nauyi da inuwa. A Sifen manyan sunaye su ne Jano da Mac, a Ajantina kuma Osvaldo Venturi. Yawancinsu sukan sa hannu a wani lungu na zanen, kuma koyon gane hannun kowannensu yana daga cikin abubuwan da ke raba masani da ɗan kallo. Ma'ajiyar Agrasánchez da ke Harlingen a jihar Texas tana daga cikin manyan wuraren da aka adana fastocin Meziko, kuma hotunan da aka wallafa daga tarin nata suna taimakawa wajen kwatanta abin da ake tallata wa mutum.

Rarrabe fasta ta asali da ta jabu yana bukatar ido da hannu. Tsohuwar fasta kusan koyaushe tana da layukan ninki, gefenta ya ɗan yi rawaya, bayanta kuma yakan nuna alamar tawada ko hatimin kamfanin rarrabawa ko rubutun ma'aikacin silima. Wadda aka buga jiya takan zo a nannaɗe, takardarta fara fat mai santsi, kuma idan aka sa gilashin ƙara girma a kan ƙananan rubutun da ke ƙasa za a ga gefen haruffan ya dusashe, domin hoton hoto ne. Abin da ya fi rikitarwa shi ne fastar sake fitarwa, wato wadda aka buga bayan shekaru lokacin da aka maido da fim ɗin silima. Ita ba jabu ba ce, tsohuwa ce ta gaske, amma ba ta kai ta farko daraja ba. Ana gane ta da sauyin sunan kamfanin rarrabawa, ko ƙarancin launuka, ko kuma yadda aka ɗaga sunan wani ɗan wasa zuwa sama saboda ya yi suna daga baya. Finafinan Infante an sha maido da su bayan rasuwarsa, don haka a nan ne ya fi kamata a yi hattara. Haka kuma a lura cewa akwai fim mai suna ɗaya da aka yi sau biyu, kamar Allá en el Rancho Grande na Guízar da na Negrete, ko Morena Clara na 1936 da na 1954, kuma shekarar da mai sayarwa ya rubuta tana iya zama ta ɗaukar fim ko ta fitowarsa, waɗanda sau da yawa sukan bambanta da shekara guda.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma ga duk wanda kayansa za su ƙetare teku kafin su iso gare shi, ƙananan takardu sun fi dacewa. A Sifen silimomi sun riƙa raba wa masu wucewa 'yar takardar talla mai girman tafin hannu da ake kira programa de mano, gabanta zanen fim ɗin mai launi, bayanta kuma sunan silimar da ranar nunawa da kalaman jan hankali da wata ƙaramar maɗaba'ar garin ta buga. Akwai mai fuska ɗaya, akwai mai ninki biyu, akwai wadda aka yanka da siffar wani abu kamar mafici, kuma wannan ta ƙarshe ta fi wuyar samu. Wadda bayanta ke da bugun silima ta fi min daraja a kan wadda bayanta fari ne, domin tana faɗa wa mutum garin da aka nuna fim ɗin da ranar da mutane suka yi layi don ganinsa. A Meziko abin da ya yi daidai da wannan shi ne katin ƙofar silima, mai kusan santimita 32 da 42, wanda ke da zane a kewaye da hoto ɗaya daga fim ɗin a tsakiya, kuma yawanci takwas ne suke yin saiti. Kamfanonin Azteca Films da Clasa-Mohme, waɗanda suka rarraba finafinan Meziko a silimomin masu jin Sifaniyanci a Amurka, sun buga nasu katunan dabam. Mujallu irin su Cinema Reporter ta Meziko, da Primer Plano da Fotogramas na Sifen, da Radiolandia ta Ajantina suna da arha, kuma suna taimakawa wajen tabbatar da ranar fitowar fim.

Faifan garmaho yana cike giɓin da fim ya bari, domin sau da yawa an sake rera waƙar a ɗakin ɗaukar sauti da cikakkun baitoci. Infante ya yi wa kamfanin Peerless aiki, Negrete kuma RCA Victor, sannan a Sifen ta shekarun 1960 waƙoƙin Marisol sun fito a ƙananan faya-fayai masu juyi 45 a minti da hoton fim a jikin kwali. Tsofaffin faya-fayai masu juyi 78 a minti suna da nauyi da saurin fashewa, suna bukatar allura mai kauri ta musamman, kuma ba a goge su da sinadarin barasa domin yana narkar da fuskarsu.

Zaren fim na majigi kuwa ba na sabon shiga ba ne, kuma wajibi ne a faɗi wannan da babbar murya. Har zuwa farkon shekarun 1950 zaren milimita 35 na silima ana yin sa ne da sinadarin naitret, wanda ke kama wuta cikin sauƙi, yana ci ko babu iska daga waje, ruwa kuma ba ya kashe shi da wuri. Gobarar da ta tashi a Cineteca Nacional ta Meziko ranar 24 ga Maris, 1982, ta halaka mutane ta kuma cinye dubban finafinai da takardu, kuma tana cikin dalilan da suka sa wasu finafinan wannan zamani ba su da kwafi mai kyau a yau. Duk wanda ya ci karo da zaren da gefensa ke ɗauke da kalmar NITRATE kada ya kai shi gida, kada kuma ya aika shi ta gidan waya, abin da ya dace shi ne ya sanar da wata ma'ajiyar finafinai kamar Filmoteca Española ko ta UNAM. Zaren milimita 16 shi ne masu tarawa suka fi riƙewa, domin an yi shi da sinadarin asitet wanda ba ya da wannan haɗari, kuma fim mai minti 90 bai wuce kusan mita 1,000 ba, alhali a milimita 35 zai kai kusan mita 2,500 da nauyin kilo 20 ko fiye in an haɗa da gwangwanayensa. Sai dai shi ma asitet yana da cutarsa. Zafi da laima suna sa shi ruɓewa, ya riƙa fitar da warin tsami, ya takure ya lanƙwashe, kuma idan ya fara ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu da sanyi. Tambayar farko da za a yi wa mai sayarwa ita ce ko gwangwanin yana wari idan an buɗe shi. Ta biyu, in fim ɗin mai launi ne, ita ce ko hoton ya koma ja, domin kwafin da aka buga a zaren launi na Eastmancolor a shekarun 1950 da 1960 yakan rasa shuɗi da rawaya ya bar ja kawai.

Wuraren saye sanannu ne. A birnin Meziko akwai kasuwar La Lagunilla da ke ci ranar Lahadi, a Madrid akwai El Rastro, a Barcelona akwai kasuwar Lahadi ta Sant Antoni, a Buenos Aires kuma akwai dandalin Dorrego na unguwar San Telmo da rumfunan Parque Rivadavia. Wanda ba zai iya zuwa ba yana da shafukan intanet irin su Todocolección na Sifen, da Mercado Libre, da eBay, da Discogs don faya-fayai. Ya kamata a yi bincike da sunan fim na Sifaniyanci tare da kalmar cartel ko afiche, wato fasta, ko programa, domin masu sayarwa na gida, waɗanda farashinsu ya fi sauƙi, ba sa rubuta tallarsu da Turanci. A nemi hoton gaba da baya da kusurwoyi huɗu, da ma'aunin santimita na gaskiya, kuma a duba farashin da aka riga aka sayar da irin kayan, domin kuɗin da mai kaya ya ambata buri ne kawai. Fasta mai ninki a bar ta a ninke a aiko ta tsakanin kwali biyu masu tauri. Idan aka nannaɗe ta cikin bututu, layukan ninkin sukan tsage.

Adana kayan a ƙasar Hausa yana bukatar kulawa fiye da a Madrid. Zafin bazara yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, damina tana kawo laima da fumfuna, hunturu yana busar da takarda ya cika ta da ƙura, ga kuma gara da kyankyasai. A zaɓi ɗaki na ciki wanda rana ba ta dukan bangonsa, a ɗaga akwati daga ƙasa, a shimfiɗa takardu a kwance kowace cikin leda ta foliyesta ko tsakanin takardun da ba su da asid, a kuma sa ƙunshin sinadarin tsotse laima a riƙa sauya shi idan damina ta kama. Kada a kusanci tsohuwar fasta da salatif ko gam, kada kuma a kai ta shagon da ake rufe takardun shaida da roba, domin wannan aiki ba ya warwaruwa kuma yana kashe darajarta gaba ɗaya. Idan ta yage, ƙwararrun masu gyara suna liƙa ta a kan takarda mara asid da yadin lilin da manna da ake iya jiƙawa a cire, kuma aikin yana da tsada, don haka sai fastar da ta cancanta. Wadda ake son ratayewa a bango a sa ta a firam da tazara tsakaninta da gilashi, nesa da taga, domin jan launi da rawaya na waɗannan fastoci su ne suke fara kodewa a hasken rana. Faya-fayan garmaho a jera su a tsaye, zaren fim kuma a kwantar da gwangwaninsa a wuri mafi sanyi a gidan, a ware duk wanda ya fara wari daga sauran domin tururinsa yana kama na kusa da shi.

Daga ranar da aka sayi abu na farko a buɗe littafi ko fayil a kwamfuta, a rubuta sunan fim da daraktansa da shekarar ɗauka da ta fitowa, da ƙasar da aka buga takardar, da sunan mai zane in an gane shi, da girmanta da yanayin da ta iso, da inda aka saye ta da kuɗin da aka biya har da na aikowa da na kwastan. A ɗauki hoton gaba da baya kafin a ajiye, a adana rasit da saƙonnin da aka yi da mai sayarwa. Wannan rubutu shi ne zai hana a sayi abu ɗaya sau biyu, shi ne hujja idan za a sayar ko a yi musaya da wani mai tarawa, kuma shi ne zai nuna katin da ya rage a cikin saitin takwas domin a san abin da za a nema nan gaba.